Ƙafar Gadona Ba Ta da Hawan Jini

Jama'a, ku taya ni murna. Ranar Litinin da hantsi aka tabbatar mini a kimiyyance cewa ƙafar gadona lafiyarta ƙalau. Na ɗaura mata bel ɗin na'urar awon jinin da na saya kwanakin baya, na danna maɓalli, na'urar ta yi gurnani ta hura iska ta matse katakon, ta ɗan yi shiru irin na manyan likitoci, sannan ta rubuta ɗari da ashirin bisa tamanin. A gefen lambar ga wata koriyar fuska tana murmushi. Na gwada matashin kai, shi ma haka. Na gwada kwalbar ruwa, ita ma haka. Uwar yarana ta leƙo ta same ni durƙushe ina ƙoƙarin ɗaura wa tsintsiya, ta riƙe ƙugu ta ce, "Baban yara, in rubutun jaridar nan ne ya fara taɓa ka, ka faɗa mini da wuri in san inda zan kai ka."

Abin da ya kai ni ga wannan aiki shi ne daga layin mai na dawo. Tun da sassafe nake tsaye da babur ɗina, ana matsawa kaɗan-kaɗan. Sai da na zo daf da famfo wata baƙar mota mai jiniya ta shigo ta ƙofar fita, ta sha ta ƙoshi, aka cika mata jarkokin da ke baya, sannan aka ja ƙofa aka ce mai ya ƙare. Na yi magana, wani mai kaki ya tambaye ni ko na san da wa nake magana. Ban sani ba, kuma har yau ba a sanar da ni ba. Haka na turo babur har gida, kaina yana sarawa, jijiyar wuyana tana harbawa, idona yana ganin mutum ɗaya ya zama biyu. Na ce bari in auna in ga ko yau ce ranar. Na'ura ta yi mini murmushi. To mutumin da aka yi wa abin da aka yi mini, in har jininsa bai hau ba, babu jinin ne a jikinsa. Shi ya sa na koma kan gado da tsintsiya.

Da don kaina na sayi na'urar, da dariya zan yi in jefa ta bayan kabad inda 'yan'uwanta suke kwance. Akwai dutsen gugar da ke jan mutum in ya taɓa shi, amma ba ya taɓa yin zafi. Akwai fankar da ke juya kai hagu da dama cikin ladabi ba tare da fukafukanta sun motsa ba. Akwai littafin lissafin 'yata da ya tsallake daga tarawa ya faɗa rabawa, shafukan tsakiya duka farare tas, har yarinyar ta ɗauka wurin zane ne aka bar mata. Duk waɗannan na haƙura da su, don ba su kashe kowa ba.

Wannan kuwa don Inna na saya, mahaifiyata, wadda ke zaune da mu a ɗakin da ke kusa da kicin. Inna ta daɗe da hawan jini. Likita ya ɗora ta a kan wata 'yar farar ƙwaya kullum da safe, ya kuma raba ta da gishiri, kuma tun daga ranar ta sa likitan nan cikin maƙiyanta. Kullum sai an yi daru kafin ta haɗiye. Ta ce ƙwayar na sa ta fitsari, ta ce tana ɗaci, ta ce uwarta ta haura tamanin ba ta taɓa sanin wani hawan jini ba. Duk wata kuma sai na ɗauke ta zuwa asibiti, mu zauna a benci tun safe har rana ta take, don awon da ba ya wuce ƙiftawar ido. Sai na ce bari in yi abin 'ya'yan kirki, in kawo mata asibitin har ɗaka.

Na je shagon wani mai kayan lantarki da duk layin ke kira Ba-a-Mayarwa. Sunan kaɗai ya isa ya kori mai hankali, amma ni na shiga. Ya sauko da kwali, ya goge ƙura da hannun riga, ya nuna mini wani tauraro ruwan zinariya da aka manna a jiki, an rubuta a ƙasansa: An duba, an yarda. Ya buɗe, ga wani irinsa a bayan na'urar. Ya ce, "Malam, ka ga wannan? Babban Kwamitin Duba Kaya da Manna Tauraro ne da kansa ya sa hannu. Abin da ke da tauraron nan ko a ɗakin tiyata ka kai shi sai an yi maka godiya." Ban tuna ba a lokacin cewa dutsen gugata ma yana da shi.

Inna ba ta karanta lamba, amma ta san fuska. Ranar farko da ta ga koriyar fuskar nan ta washe mata baki, ita ma ta washe. Nan take ta raɗa mata suna 'Yar Fara'a. Ta ɗinka mata jaka da ƙyallen tsohon zane, ta ba ta wuri a kan akwatinta, ta hana jikokinta taɓawa. Safe murmushi, yamma murmushi. Ba a daɗe ba ta kira ni ɗaki ta sanar da ni cewa Allah ya yaye mata. Ta juye sauran ƙwayoyin a wani gwangwanin madara ta tura ƙarƙashin gado, ta aika aka ɗauko mata robar gishiri daga kicin ta ajiye kusa da ita. Na ce a bari mu ji ta bakin likita. Ta ce wane likita, wanda bai taɓa yi mata murmushi ba tun da ta san shi?

Ni ma, in faɗi gaskiya, na ji daɗi. Wa zai ƙi a ce uwarsa ta warke? Har na fara tunanin ko iskar unguwarmu ce ke da magani, don labari ya bazu, ɗakin Inna ya koma asibiti. Maƙwabcina Tela, wanda aka taɓa kwantarwa saboda wannan ciwo, ya zo ya miƙa dantse, aka ce masa ɗari da ashirin bisa tamanin. Ya fita yana cewa dama ya san 'yan kemis ne ke haɗa baki da likitoci. Mai wanki ya zo, matar mai gidan haya ta zo da ƙanwarta, duk lafiya. Unguwar da ba ruwa, ba wuta, kwata ta toshe tun bara, amma jinin kowa daidai yake da na ɗan wasan tsere.

To ranar Litinin ɗin nan, da na gama da tsintsiya, na ɗauki na'ura na shiga wajen Inna. Na gaishe ta, na durƙusa, na ɗaura wa ƙafar gadonta ita ma, na danna. Fuska ta yi murmushi. Na ɗago na dube ta ina jiran ta kama baki.

Ta ce, "To sai me?"

Na ce, "Inna, katako ne fa."

"Na ga katako ne. Me ya dami katako da jininsa zai hau? Haya yake biya, ko ɗa gare shi irinka?"

"Inna, ba shi da jini sam. Abin nan ƙarya take yi. Kowa haka take gaya masa."

"Kai dai ba ka son ganin gishiri a hannuna." Ta juya bayan na'urar ta sa yatsa a kan tauraron. "Wannan wa ya sa shi? Kai ne?"

"Hukuma ce."

"To kai ka fi hukuma sani? Mutane da motoci da ofis, sun duba sun ce sun yarda. Kai da ko mai ka kasa samowa."

Na roƙe ta, na haɗa ta da girman Allah ta koma kan maganinta ko na mako guda ne. Uwar yarana ta zo ta tsuguna ta sa baki. Inna ta ce ta ji, kuma ba za ta yi gardama da yara ba. Waɗanda suka manna tauraron su zo su cire abinsu da hannunsu, su ce sun yi kuskure, ita kuwa a take za ta haɗiyi ƙwaya ko guda nawa ce. Kafin nan kada wanda ya ƙara tayar mata da zancen. Da za ta miƙe na ga ta dafa bango ta ɗan tsaya, ta runtse ido. Na tambaya, ta ce ƙafarta ce ta yi sanyi. A nan tsoro ya kama ni sosai, don na san rabonta da magani ya yi nisa.

Washegari na fara da Ba-a-Mayarwa. Na ajiye masa na'ura a kan kanta na ce ba ta aiki.

"Ta ƙi kunnuwa?"

"Tana kunnuwa."

"Ta kama da wuta? Tana shan batir?"

"A'a. Kowa aka ɗaura wa sai ta ce lafiyarsa lau. Tsohuwata ta daina shan magani saboda ita."

Ya ja da baya ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ɗaga murya yadda masu ciniki za su ji. "Wato so kake ta ce tsohuwarka ba ta da lafiya? Subhanallahi. Malam, akwai rabon gado ne a tsakani?"

Wata mata da ke taya tukunyar lantarki ta juyo ta yi mini kallon da ake yi wa ɓarawon takalmi. Ba-a-Mayarwa ya sauke murya ya yi mini bayani irin na 'yan kasuwa. Ya ce da can yana kawo wata iri mai nuna jar fuska, kullum rigima, mutane na dawowa suna cewa tun da suka saye ta ba su ƙara barci ba. Da ya koma wannan kuwa, ko mutum ɗaya bai taɓa dawowa da ƙorafi ba, ni ne na farko. Na ce wataƙila waɗanda za su dawo ɗin ba sa iya tafiya ne. Ya ce wannan kuma tsakanina da masu tauraro, shi kaya yake sayarwa.

Saboda haka na nufi masu tauraro, a ƙafa. Ban taɓa ganin ofis mai kyan wannan ba. Bene ne fari, janareta biyu suna ruri a baya ko da yake akwai wuta, an ce don kada su manta aiki. A harabar sababbin motoci ne jere, wasu ko ledar kujeru ba a cire ba. Akwai na'urar hawa bene, da tauraro a ƙofarta, da kuma kujera da aka tokare a gabanta don kada wani ya yi gangancin shiga. Na bi matakala. A hawa na farko na wuce wani zaure cike da kwalaye har rufi, ma'aikata zaune a da'ira kowa da naɗin taurari a hannu, wannan ya miƙo, wannan ya manna, wancan ya jera. Rabona da in ga ma'aikatan hukuma suna gumi haka har na manta, kuma dole in yaba musu.

Sakatariya ta ce Babban Mai Manna Tauraro yana taron bita a otal, Mataimakinsa ya raka shi, amma Mai Girma Mataimakin Mataimaki yana ciki. Na zauna har ƙafata ta yi tsami, sannan aka ce in shiga. Yallabai mutum ne mai jiki, wuyansa ya cika kwalar riga har ya zubo. A gabansa akwai faranti da 'yan ganyayyaki da yankakken kokwamba, yana kallonsu cikin baƙin ciki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan wani kaya da kuka duba kuka yarda."

"Madalla. Ba kasafai ake zuwa godiya ba."

Na kwashe labari na gaya masa, tun daga Inna har tsintsiya. Ya saurara da kyau, ban rage masa wannan ba. Da na gama ya ce in ba shi kwalin. Na miƙa. Ya jujjuya shi, ya shafa kusurwoyin, ya shinshina, ya girgiza a kusa da kunne.

"Malam, me ka gani a jikin kwalin nan? Ya yage? Rubutun ya zuba?"

"Kwali lafiya lau, ranka ya daɗe. Abin da ke ciki ne."

"To ai mu kwali muke dubawa."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya gyara zama ya fahimtar da ni, a hankali, yadda ake yi wa ɗan ƙauye. Ya ce in aka buɗe kaya ya zama na hannu, ɗan kasuwa ya yi asara, kuma hukuma ba ta zo don ta karya 'yan kasuwa ba. Saboda haka su suna duba ƙarfin kwali, da kyan fenti, da ko akwai wani abu a ciki in an girgiza. In duk wannan ya cika, sai a manna tauraro ɗaya a waje, a ba mai kaya ɗaya ya manna a ciki da kansa in ya samu lokaci. Ya ce tun da aka kafa kwamitin nan ba a taɓa kawo ƙarar kwalinsu ya ɓare a hanya ba, kuma ƙasashe da yawa suna sha'awar tsarin.

Na ce, "To cikin fa, wa ke duba shi?"

"Akwai Kwamitin Ciki. An naɗa su, an ba su motoci, ka gan su a ƙasa. Har sun je waje sun koyo yadda ake buɗe kwali. Kuɗin reza ne ba a saki ba tukuna."

Yana magana idonsa yana kan na'urar. Can ya ce, don bincike, bari ya gwada. Ya naɗe hannun riga. Da kyar bel ya zagaye dantsen. Na danna masa, ta yi gurnani, ta yi tunani, ta yi murmushi. Jama'a, na ga farin ciki a rayuwata, na ga ranar da aka biya 'yan fansho bashin shekara, amma ban taɓa ganin fuska ta buɗe irin ta Yallabai ba. Ya ce in sake. Na sake. Ya ture farantin ganye gefe, ya danna ƙararrawa, masinja ya shigo.

"Je ka sayo mini gasasshen nama. Mai kitse. Ka ce su zuba gishiri sosai. Kuma in uwargida ta bugo waya, ina taro."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da nake gaya maka ke nan. Ƙarya take yi."

"Malam, ka iya bakinka. Likitana na can waje, mai tsada, shekara da shekaru yana tsorata ni. Ga kaya mai tauraronmu ya faɗi gaskiya a gaban shaida. Wa zan yarda da shi?"

Na ga dariyar ta ishe ni. Na sauka daga kujera na durƙusa a kan kafet ɗinsa, ni da furfurata. Na ce ban zo neman a mayar mini da ko sisi ba, ban zo a kama kowa ba, ba zan ma rubuta a jarida ba in an taimake ni. Abu ɗaya nake roƙo. A ba ni ma'aikaci guda, ko masinjan nan ne, ya sa rigar aiki ya bi ni gida, ya ɓanɓare tauraron nan a gaban tsohuwata ya ce an yi kuskure. Shi ke nan. Tafiyar ba nisa, ni zan biya masa mota.

Na ga alamar Yallabai ya ɗan ji tausayina. Sannan ya ce cire tauraro ba ƙaramin abu ba ne. Sai kwamiti ya zauna, kuma kwamiti ba ya zama sai a otal, otal kuma sai an shiga sabuwar shekarar kasafi. Kalmar kuskure kuwa babu mai ikon furta ta a ginin nan sai Babban Mai Manna Tauraro, shi ma bai taɓa buƙata ba. Ya ƙara da gargaɗi cewa in na kuskura na ɓanɓare da kaina, ɓarnar dukiyar hukuma ce. Da zan fita ya tambaye ni kwatancen shagon Ba-a-Mayarwa, ya ce zai sayi biyu, ɗaya gida ɗaya ofis. Ya ce in gai da tsohuwa, in ce mata hukuma tana tare da ita.

Bayan la'asar na iso gida. Tun daga ƙofa na ji muryar uwar yarana tana kiran Inna, kira irin wanda ba a amsawa da wuri. Na same ta zaune a ƙasa ta jingina da gado, kofin shayi ya kife a gefenta. Gefen bakinta na hagu ya ɗan sauka. Ta gan ni, ta ga jakar a hannuna, ta ce da wata murya mai nauyi, "Kawo 'Yar Fara'a."

Na ce asibiti za mu. Ta ce sai an auna. Na san Inna, gardama za ta fi awon cin lokaci, don haka na ce wa uwar yara ta ruga ta kira Tela, ni kuma na ɗaura wa Inna. Na'ura ta hura, ta saki, ta yi murmushi. Inna ta daɗe tana kallon fuskar nan. Sannan ta ce, "Yarinyar nan ba ta da mutunci. Ina wannan hali tana yi mini dariya." Ta kawar da kai, ba ta ƙara kallonta ba.

Tela ya samo wani mai tasi da Allah ya sa akwai sauran mai a tankinsa. Shi ya kama kafaɗu, ni na kama ƙafafu. A hanya Tela ya ce a hankali, kamar da kansa yake, shi ma rabonsa da nasa maganin tun ranar da ya zo ɗakin Inna.

A asibiti aka shigar da mu wajen wata nas, mace mai shekaru, ta ce a kwantar da ita. Ta buɗe kabad ta ce mun yi sa'a, makon jiya aka kawo musu sababbin na'urori, an yi taro da jawabai, an kwashe tsofaffin an tafi da su. Ta juyo da abin a hannunta. Kwalin na fara ganewa, kafin tauraron. Ta ɗaura wa Inna, ta danna, koriyar fuska ta fito.

Nas ta dubi fuskar na'ura, ta dubi bakin Inna. Na ce, "'Yar'uwa, don Allah, irinta ce da ni a gida." Ta tura ƙofa da ƙafa ta rufe, ta durƙusa ta jawo wani ƙunshi daga bayan kwandon shara, ta kwance. Tsohuwar na'ura ce, mai 'yar robar da ake matsawa da hannu, bel ɗinta duk ya koɗe. Ta ce, "Ranar da suka zo kwasa na ce musu wannan ta ɓata." Ta sa abin sauraro a kunne, ta matsa, ta zuba wa allurar da ke nuna lamba ido. Ba ta gaya mini lambar ba. Ta dai ajiye komai ta fita da gudu tana kiran likita, kuma mace mai shekarunta ba ta gudu a banza.

Daga bencin asibitin nake rubuta muku wannan. Inna tana raye, alhamdu lillahi. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da wani zancen ake yi. Maganarta tana dawowa, amma hannun hagu ba ya riƙe kofi, kuma ba wanda ya yi mini alkawarin zai sake riƙewa. Da safe nas ta kawo 'yar farar ƙwayar, Inna ta buɗe baki ta haɗiye ba ta ce uffan ba. Shekara da shekaru ina fatan ranar da za ta sha maganin nan ba daru, yau da na gani sai da na fita waje na share hawaye. Tela yana gadon da ke ɗakin maza, shi ma tsohuwar na'urar ce ta kama shi, ya zo rakiya aka riƙe shi.

Na tambayi nas ko za ta sanar da na sama abin da ya faru. Ta ce za ta faɗa, amma awon da ake aikawa sama dole sai na na'ura mai tauraro, don ita hukuma ta sani. Na tsohuwar ba a karɓa, tunda a wajensu ta ɓata.

Ɗazun nan kuma mai jinyar gadon kusa ya kunna rediyo, muka ji wani babban Yallabai yana jawabi. Ya ce tun da aka raba sababbin na'urori ba a ƙara samun mai hawan jini ko ɗaya ba a duk asibitocin yankinmu, abin da ƙasashen da suka ci gaba ma suka kasa. Ya ce saboda haka an dakatar da odar maganin, tunda babu masu sha, kuma za a yi amfani da kuɗin a shirya liyafar karrama waɗanda suka kawo wannan nasara. Aka yi tafi sosai, har rediyon yana rawa.

Don haka in kun zo dubiya, kada ku ce mata sannu, barka za ku yi mata, domin a hukumance Inna tana cikin waɗanda suka warke. Ku dai miƙa mata gaisuwar ta hannun dama. Hannun hagun har yanzu sanarwar ba ta iso masa ba.